IKKO: Garin Da Baƙi Suka Cika, Da Abin Da Ya Shafe Mu A Kano

Duk wanda yake zaune a Gawuna, ko Birged, ko Badawa, ko Dakata, da wuya a ce ba shi da wani nasa a Ikko. In ba ɗa ba, to ƙane. In ba ƙane ba, to suruki ko maƙwabci. Wani yana gadi a Ikoyi, wani yana sauke kwandunan tumatir a kasuwar Mil 12, wani soja ne a barikin Ikeja, wata tana aikin jinya, wani kuwa ya tafi cin rani tun bara, har yau bai waiwayo gida ba. Tsakanin Kano da Ikko akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000, amma idan hayaniya ta tashi a wata kasuwa a can da safe, kafin la'asar iyaye mata a nan sun kasa cin abinci. Saboda haka ya kamata mu san wannan gari sosai, mu san ko su wane ne a cikinsa, mu kuma san dalilin da ya sa zaman lafiyarsa ya haɗu da namu.

Mutum Nawa Ne A Ikko?

Wannan tambaya tana da sauƙin yi, amma ta daɗe tana ta da jijiyar wuya a ƙasar nan. A ƙidayar 1963 an sami mutum kimanin 665,000 a cikin birnin. A ƙidayar 1991 an ba Jihar Legas mutum miliyan 5.7, Jihar Kano kuma miliyan 5.8. A ta 2006 Kano ta tashi da miliyan 9.4, Legas da miliyan 9.1. Gwamnatin Legas ta ce atafau ba ta yarda ba, ta fito da nata lissafi na mutum miliyan 17.5, ta kuma kai ƙara. Tun daga 2006 ba a sāke ƙidaya ba. An shirya yin wata a watan Mayu na 2023, ana gab da farawa aka ɗage ta. Yau hukumomin jihar suna cewa mutanensu sun haura miliyan 20, ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa bai kai haka ba.

Mai karatu zai ce, to mene ne abin faɗa a kan lissafi? Dalili shi ne kuɗi da kujeru. Yawan jama'a yana cikin ma'aunin da ake raba kuɗin Tarayya da shi, haka kuma yawan ƙananan hukumomi. An kafa jihohin nan biyu rana ɗaya, wato 27 ga Mayu, 1967. Yau Kano tana da ƙananan hukumomi 44, bayan an cire mata Jigawa a 1991, Legas kuwa tana da 20. A 2003 gwamnatin Bola Tinubu ta ƙirƙiro waɗansu 37, Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, magana ta kai Kotun Ƙoli. A Disamba 2004 kotun ta ce Shugaban Ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma sababbin hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta sa su cikin tsarin mulki. Sai a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa aka gama sakin kuɗin.

Akwai kuma wani abin lura. Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba. Don haka duk wanda ya tashi a taro ko a rediyo ya ce ƙabila kaza ita ce kashi kaza cikin ɗari na mutanen Ikko, ko ya ce Kirista ko Musulmi su ne suka fi yawa da adadi kaza, to daga kansa ya ƙago. Mu yi hankali da irin wannan lissafi, gama sau da yawa da shi ake hura wuta.

Su Wane Ne Suka Gina Garin?

Ikko tana da masu ita na asali. Awori, wani reshe na Yarbawa, masunta da manoma, su ne suka fara zama a tsibirin. Daga baya ikon Sarkin Bini ya kai wurin, sarautar garin ma tana danganta asalinta da can. Sunan da 'yan gari suke kiran tsibirin shi ne Eko, daga nan Hausawa suka sami Ikko. Fatake 'yan ƙasar Fotugal su ne suka sa masa Legas, saboda ruwan da ya kewaye shi. A yammacin jihar akwai Egun na Badagiri, a gabas akwai Ijebu na Epe da Ikorodu.

Amma abin da ya mai da ƙauyen masunta ya zama babban birni shi ne zuwan baƙi. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wa garin wuta, suka kori Sarki Kosoko, suka naɗa Akitoye. A 1861 ɗansa Dosunmu ya sa hannu aka miƙa garin ga Ingila. Cikin waɗannan shekaru bayin da aka 'yanta suka riƙa dawowa. Waɗanda suka fito daga Saliyo ana ce da su Saro, suka zauna a Olowogbowo, da yawansu suka zama malaman makaranta da akawuna da 'yan kasuwa. Waɗanda suka fito daga Birazil da Kyuba ana ce da su Aguda, suka zo da sana'ar gini da kafinta. A cikin kowane rukuni akwai Kirista, akwai Musulmi. Makarantar sakandare ta CMS, wadda aka buɗe a 1859, ɗan Saro ne ya kafa ta, wato Rabaran T. B. Macaulay. Masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe a 1894, shi ma ɗan Saro ne ya ba da kuɗinsa, magini ɗan Aguda ya gina.

Hausawa ma ba jiya suka zo ba. A 1863 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara waɗansu Hausawa a Ikko, da yawansu bayi ne da suka kuɓuce wa iyayengijinsu, ya kafa ƙaramar runduna da su. Sojan Nijeriya na yau daga wannan runduna suke ƙirga farkon tarihinsu. Ta wannan tashar ruwa kuma Gowans da Kent da Bingham suka sauka a Disamba 1893 da nufin shigowa ƙasar Hausa, aikin da ya zama SIM, daga baya ya haifi ECWA.

Sai jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, a shekara ta biye aka haɗe hanyar har Ikko. Gyaɗa da auduga da fata da shanu suka riƙa gangarawa, goro da gishiri da atamfa suna haurowa. Fataken goro suka kafa zango a Agege, inda har yau akwai Sarkin Hausawa, akwai kuma gidajen da jikoki da tattaɓa-kunne duk a nan aka haife su, suna jin Yarbanci kamar Hausa. Wannan jirgi da ya kai Hausawa Agege shi ne ya kawo mutanen Kudu Kano, aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913. Ashe Agege da Sabon Gari tagwaye ne, uwa ɗaya ta haife su.

Bayan yaƙin basasa, da kuɗin mai suka shigo, sai ƙasar duka ta kwararo. Ibo suka riƙe kasuwannin Alaba da Ladipo da Idumota. Mutanen Neja-Delta suka cika Ajegunle. 'Yan Gana da Togo da Binin da Nijar suka zo neman abinci. An mai da hedkwatar ƙasa Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, waɗansu suka zaci Ikko za ta lafa, amma ba ta lafa ba, domin tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, da bankuna, da masana'antu duk suna nan.

Halin Garin

Jihar Legas ita ce mafi ƙanƙanta a faɗin ƙasa cikin jihohi 36, wani kashi mai yawa nata kuma ruwa ne. Mutane masu ɗimbin yawa a ɗan matsattsen wuri, dole hali ya canja. Mutumin Ikko yakan fita tun kafin asuba don ya tsere wa cunkoson motoci, ya dawo bayan yara sun yi barci. Ba ya tsayawa doguwar gaisuwa. Baƙon da ya saba da "ina kwana, ina gajiya, yaya iyali" yakan ɗauka wulaƙanci ne, alhali kuwa sauri ne kawai. Garin ya fi tambayar abin da ka iya da abin da ka kawo, kafin ya tambayi ko kai ɗan wane ne. Shi ya sa ɗan Kano, Alhaji Aliko Ɗangote, ya kafa matatar mansa a Lekki, wadda aka buɗe a Mayu 2023. Shi ya sa kuma Ben Akabueze, mutumin Anambra, ya yi shekaru yana kwamishinan kasafin kuɗi na jihar.

Wani abin da ya cancanci yabo shi ne yadda Yarbawa suke riƙe da bambancin addini a cikin gida. Ba abin mamaki ba ne a ga wa yana zuwa masallaci, ƙanwarsa tana zuwa majami'a, ranar Salla a ci rago tare, ranar Kirsimati a ci shinkafa tare. Tinubu da Babatunde Fashola, tsofaffin gwamnoni, dukansu Musulmi ne masu mata Kirista. Gwamnan da aka zaɓa a 2019 da 2023, Babajide Sanwo-Olu, Kirista ne, mataimakinsa Obafemi Hamzat Musulmi. Rigimar addini zalla, irin wadda muka sha a nan Arewa, ba kasafai ake jin ta a can ba.

Amma kada mu yaudari kanmu. Garin da ba ya tambayar asalin mai kuɗi yana da zafin hannu a kan matalauci. A Yuli 1990 gwamnatin soja ta rushe unguwar Maroko, mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni, filin kuma ya koma hannun masu hali. A 2012 aka rushe wani ɓangare na Makoko, unguwar masunta da ke bisa ruwa. A 2016 da 2017 aka kori mutanen Otodo-Gbame. Yawancin waɗanda abin ya shafa a waɗannan wurare biyu na ƙarshe Egun ne, waɗanda suka daɗe a bakin ruwan. Watau talauci ma yana mai da mutum baƙo a inda aka binne cibiyarsa.

"Aboki"

Mutumin Arewa a Ikko suna ɗaya gare shi, wato "Aboki" ko "Malam". Ko kai Batangale ne, ko Babur, ko Bajju, ko Birom, ko Bazabarme daga Nijar, ko kana ɗauke da Littafi Mai Tsarki ko carbi, muddin da Hausa kake ciniki, to kai Bahaushe ne. Ekklisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN suna da majami'u a can, a waɗansu ana yin sujada da Hausa, amma ranar da rikici ya ɓarke ba mai tsayawa ya tambaye ka inda kake sujada.

Mutanenmu su ne suke ciyar da garin. Tumatir na Kadawa da Kwanar Gafan, albasa, tattasai, wake da hatsin Dawanau, shanun Wudil da Maigatari, duk a Mil 12 da mayankar Oko-Oba ta Agege suke sauka. An ga gaskiyar wannan a 2021. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan cikin Fabrairu, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsai da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Farashi ya yi tashin gwauron zabo a Ikko. Amma a nan gida tumatir ya ruɓe a hannun manoma, kwando ya faɗi warwas. Kowa ya ji a jikinsa, ba a daɗe ba aka janye.

Ƙananan masu neman abinci kuwa kullum cikin fargaba suke. A Agusta 2019 aka tsare matasa 123 daga Jigawa da suka shigo garin cikin babbar mota tare da baburansu, daga baya aka sake su da ba a same su da laifi ba. A Fabrairu 2020 aka hana acaɓa a manyan sassan birnin, a Yuni 2022 aka ƙara tsananta dokar, aka riƙa kama babura ana murƙushe su. Wannan ya taɓa dubban samarin Arewa, ciki har da waɗanda rikicin Boko Haram ya kora daga Borno da Adamawa. Sai dai kafin mu ce ƙiyayya ce kawai, mu tuna Kano ma ta hana acaɓa tun Janairu 2013. Hukuma tana da hujjarta ta haɗari da tsaro. Abin tambaya shi ne, saurayin da aka raba da babur ɗinsa, wace sana'a aka tanadar masa, a can ko a nan?

In An Taɓa Can, A Nan Ake Ji

Ga inda maganar ta fi shafarmu. A Yuli 1999 faɗa ya ɓarke a Shagamu, cikin Jihar Ogun, tsakanin Yarbawa da Hausawa lokacin bikin Oro. Da aka kawo waɗanda suka tsira Kano, cikin 'yan kwanaki aka far wa Yarbawa mazauna nan, mutane da dama suka mutu, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A Nuwamba na shekarar aka yi ta'asa a Ketu da Mil 12 a kan shugabancin kasuwa, da hannun 'yan ƙungiyar OPC. A Oktoba 2000 aka sāke yi a Ajegunle da kewaye. A Fabrairu 2002, mako guda bayan fashewar bama-bamai a barikin Ikeja, Idi-Araba ta kama da wuta. A Maris 2016 aka kuma gwabzawa a Mil 12 har aka rufe kasuwar.

Duk lokacin da haka ta faru, Sabon Gari ba ta barci, Birged da Gawuna ma haka. Baƙon Agege jingina ne a hannun mutanen Ikko, baƙon Sabon Gari jingina ne a hannun mutanen Kano. Mu kuwa masu bi da ke jin Hausa muna tsakiya. A Ikko ana lissafa mu tare da Hausawa, a nan kuma idan ƙura ta tashi akan lissafa mu tare da mutanen Kudu. Ba wanda ya fi mu bukatar a daina ramuwa a kan wanda bai yi laifi ba.

Zaɓen 2023 Da Tambayar "Garin Wane Ne?"

A zaɓen Shugaban Ƙasa na Fabrairu 2023 Peter Obi ya sami ƙuri'a 582,454 a Jihar Legas, Tinubu ya sami 572,606. Ratar ba ta kai 10,000 ba, amma ta girgiza garin. Kafin zaɓen gwamna na 18 ga Maris sai aka ta da tsohuwar gardama, wato Ikko ta Yarbawa ce ko ta kowa ce. Masu sa ido sun ba da rahoton tsorata masu zaɓe a waɗansu unguwanni, musamman inda Ibo suka fi yawa. Abin mamaki, mutum fiye da miliyan 7 ne suka yi rajista a jihar, amma waɗanda suka fito ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. 'Yan asalin gari suna tsoron kada a wayi gari su zama 'yan kallo a ƙasar kakanninsu, filayensu sun tafi, harshensu ya ja baya. Wannan tsoro ba abin raini ba ne, Bakano ma zai ji haka. Cewa Ikko gari ne marar mai shi kuskure ne, zagi ne kuma. Amma wanda aka haifa a Agege ko Ajegunle, yana biyan haraji, ya binne iyayensa a can, shi ma yana da hakki. Tsarin mulki na 1999, sashe na 41 zuwa na 43, ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so, ya hana nuna masa bambanci, ya ba shi ikon mallakar fili ko'ina. Amma tsarin nan kuma ya shigo da maganar "ɗan asalin jiha" wajen rabon muƙamai, ba tare da ya ba mazaunin da ya daɗe wata hanyar zama ɗan gari ba. Daga nan takardar shaidar asali ta zama mabuɗin makaranta da aikin gwamnati. Jikan Bahaushe a Agege sai an aika Kano ko Katsina a karɓo masa, jikan Bayarabe a Sabon Gari sai an aika Ogbomosho.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Muna jin zafi idan aka wulaƙanta ɗanmu a Oshodi don kawai ya yi kama da "Aboki". To, yaya muke yi da Bayarabe mai gyaran mota a layinmu, ko Ibo mai shagon magani, ko wanda ya gudo daga Gwoza yana neman ɗakin haya? Mudun da muke so a auna wa namu a can, da shi ya kamata mu auna wa na wani a nan.

Akwai abubuwan da suke hannunmu. Na farko, kada mu yaɗa labarin da ba mu tabbatar ba. Yau hoto ɗaya a waya, mai yiwuwa ma tsoho ne ko na wata ƙasa, ya isa ya ta da unguwa. Na biyu, iyaye da dattawan ekklisiya su san inda yaran da suke tafiya Ikko za su sauka, da sana'ar da za su yi, a haɗa su da wani babba a can, a kuma gargaɗe su su girmama masu gari, su bi doka, su yi katin shaida. Na uku, shugabannin unguwa da na addinai biyu su san juna tun ana zaman lafiya, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Na huɗu, mu tambayi wakilanmu a Majalisa inda suka tsaya a kan hakkin mazauni, mu kuma nemi a yi ƙidaya ta gaskiya, a ƙirga kowa a inda yake kwana, domin a san yawan makarantu da asibitocin da ake bukata.

Ikko ba za ta daina karɓar baƙi ba, Kano ma haka, gama kasuwa ce ta gina su duka biyu. Gobe da yamma wata motar za ta tashi da tumatir, a samanta akwai yaro ɗan unguwarmu da 'yar jakarsa. Allah ya kai shi lafiya, ya haɗa shi da masu tausayi, mu kuma ya ba mu zuciyar riƙe baƙon da ke ƙofarmu da amana. Amin.